Kwakwar Cibiyar Waisake

A Nasauvesi, idan aka ce mai baƙi, Sakiusa ake nufi. Shi ne yake tsayawa a bakin teku duk ranar da kwalekwalen otal zai zo, da zaninsa mai aljihu da rigarsa mai furanni, ruwa na dukan ƙwaurinsa, yana jiran a sauke masa Turawa ya zaga gari da su. Ba sarauta ba ce, ba kuma wanda ya naɗa shi. Yana saurayi ya yi aiki a jirgin da ke kwasar busasshiyar kwakwa daga tsibiran Fiji zuwa Suva, a nan ya tsinci Turancinsa, irin na ma'aikatan jirgi, kalmomi kaɗan, nuni da hannu da yawa. Da aka buɗe otal a tsibirin da ke kallonmu, aka rasa wanda zai iya tsayawa gaban baƙo bai sunkuyar da kai ba, sai dattawa suka ce a tura Sakiusa, ai shi bakinsa ba ya gajiya.

Ya kuwa iya aikin. Da farko ya sa su cire huluna, ya ɗaura wa matan zani a kan gajerun wandunansu, ya kai su gaban mai gari su miƙa saiwar yangona, a daka, a dama, a ba su a ƙoƙon kwakwa su sha suna yatsina fuska. Daga nan su bi ta gonakin gwaza su hau dutse zuwa inda ruwa ke zubowa, su yi wanka su yi ihu, su sauko ta kufan tsohon gari inda kakanninmu suka yi ganuwa. A hanya yana ba su labari, rabi na kakanni, rabi nasa. Akwai wani dutse a bakin rafi da ya ce musu mace ce da ta ƙi gaida surukarta aka mayar da ita haka. Wata shekara kuma dutsen nan ya koma jarumin da ya gaji da yaƙi. Mu da muka tashi muka gan shi ba mu san shi da wani tarihi ba banda shanya wanki. In an yi masa tsiya sai ya ce mutum ya keto teku daga ƙarshen duniya, ai ba ka ce masa dutse dutse ne kawai ba. Kafin su sauko, matan gari sun tone abincin da aka gasa a rami, a shimfiɗa ganyen ayaba a zuba musu kifi da rogo.

Zagayen kullum a wuri ɗaya yake ƙarewa, a gindin wata bishiyar kwakwa da ta kwanto daga gaɓa ta miƙe a kan ruwa, kanta kawai ya ɗaga sama. Ita ce a hotunan otal, ita baƙi suke tambaya tun ƙafarsu ba ta bushe ba. Ita kaɗai ce kuma Sakiusa bai taɓa ƙaga wa labari ba, don tana da nata.

Matarsa Mereoni 'yar wani tsibiri ce can gabas, tafiyar yini a ruwa. Sun daɗe ba haihuwa, har dangi suka gaji da tambaya suka koma yi musu kallon tausayi, sannan Allah ya kawo Waisake, daga shi kuma ba a ƙara ba. Da cibiyar yaron ta faɗi, Mereoni ta naɗe ta a ɗan zanen ɓawon itace, Sakiusa ya tura cikin katantanwar teku, ya haƙa rami ya binne, ya dasa kwakwa mai tsiro a kai. Haka ake yi wa kowane ɗa a nan. Tsofaffi sun ce yaron da aka yar da cibiyarsa shi ne yake tashi da yawan lalube, kullum yana neman abin da shi kansa bai san mene ne ba.

Mahaifiyar Sakiusa ta ce ya dasa a bayan gida, kan tudu. Bai ji ba. Mutumin da ya yi shekaru ana tausaya masa so yake duk kwalekwalen da ya doso gari ya fara ganin bishiyar ɗansa kafin ya ga rufin coci. A lokacin ma ba wanda zai ce ya yi wauta, don tsakaninta da ruwa akwai filin da samari ke buga ƙwallo har su yi faɗa.

Teku ya cinye filin a hankali, ba hayaniya, kowace shekara ya ɗan ɗiba. Filin ƙwallo ya tafi, gidajen gaba suka ja baya, ruwa ya iso gindin kwakwar ya fara kwashe ƙasar da ke ƙarƙashinta. Ta fara karkata. Tana ƙara kwantawa, baƙi suna ƙara sonta. Waisake kansa dariya abin yake ba shi. Yakan taka ta a tsaye ba ya dafawa har ya kai ga 'ya'yan, ya jefo wa baƙin ubansa, yana cewa bishiyar shi ta gado, raguwa ce, ba ta son tsayuwa.

Yana da ashirin da 'yan kai aka shigo mana da sana'ar nutso. 'Yan kasuwa daga Suva suna sayen kokwambar teku, wata halitta mai laushi da ke kwance a ƙasan ruwa, suka raba wa samari tukwanen iska na goyawa a baya, ba wanda ya zauna ya koya musu komai. Ta kusa da gaɓa ta ƙare, aka koma nesa, aka koma zurfi. Wata safiya Waisake ya fita da ɗan gwaggonsa Ilaitia. Shi ya nutsa, Ilaitia yana tsare da kwalekwale. Kumfa ta yi ta tasowa, sannan ta daina. Duk kwalekwalen garin nan da na maƙwabta sun fita nema har mai ya ƙare, har mutane suka fara kallon ƙasa idan Sakiusa ya wuce. Ko takalmin nutsonsa ba a samu ba.

A wurinmu kabari ba abin da ake binnewa a manta ba ne. Ana lulluɓe shi da zanen ɓawo, a zagaye shi da farin yashi, uwa ta riƙa zuwa tana cire ciyawa tana yi wa ɗanta mita kamar yana ji. Mereoni ba ta samu wannan ba. An yi addu'a a coci a gaban tabarmar da babu kowa a kai. Abin da ya rage na jikin Waisake a doron ƙasa shi ne abin da ke ƙarƙashin kwakwar nan, don haka can ta koma. Da sassafe, kafin a buga gangar coci, za ka hango ta zaune a gindinta, ta dafa saiwoyin, bakinta yana motsi. Masu fita kamun kifi ma zagayawa suke yi ta bayan gidaje don kada su bi ta wurin.

Sakiusa bai iya zama irin wannan ba, nasa baƙin cikin a hannu ya fito. Ya shiga jidar duwatsu yana jerawa a gindin bishiyar, ya cika buhunan fulawa da yashi, ya dasa itatuwan nan masu tsiro cikin ruwan gishiri, teku ya tumɓuke, ya sake dasawa. Bayan an tashi daga makoki ya koma wa baƙi, don gari ba shi da wani mai bakin, kuma rufin makaranta da famfon gari duk daga zuwan baƙin suka fito. Raha tana nan, dutsen bakin rafi yana nan yana canza tarihi. Abu ɗaya ya canza: idan an iso kwakwar yakan tsaya tsakaninsu da ita, ya ce a ɗauki hoto daga nan, haske ya fi kyau. Da wannan 'yar dabara ya kare ta shekaru, ba baƙon da ya taɓa hawa.

Ilaitia kuwa tun ranar da Waisake ya ɓace bai sake nutso ba. Otal ya ɗauke shi tuƙin kwalekwale, shi yake kawo baƙin, shi yake mayar da su. Yaro ne mai kirki, wannan ba mai musawa, kuma shi ne vasun Sakiusa, wato ɗan ƙanwarsa ciki ɗaya. Vasu a gidan kawunsa ba ya roƙo, sanarwa yake yi. Ya ga alade ya kora, ya ga riga a jikinka ka tuɓe, kuma abin alfahari ne a ce gidanka yana da abin da ɗan 'yar'uwa zai so. Kawun da ya hana vasu abu, da shi za a riƙa misali har jikokinsa. Sakiusa ya fi kowa sanin wannan, don shi ma a zamaninsa ya ɗauke wa nasa kawun sabon kwalekwale fenti bai bushe ba, labarin ma yana cikin waɗanda yake ba baƙi su yi ta dariya.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci Ilaitia ya zo da ƙullin yangona, ya zauna daga bakin ƙofa. Aka sha, aka yi zancen iska da na kifi. Sannan ya ce wani ƙauye a ɗaya gefen tsibiri sun rataya lilo a bishiya, baƙi sun fara cewa can za a kai su, manajan otal kuma ya fara maganar rage zuwa Nasauvesi.

"Kawu, kwakwar Waisake nake so. Lilo zan ɗaura mata."

Sakiusa ya juya ƙoƙon da ke hannunsa. Ya ce ai bishiyoyi sun yi yawa a gari, ga ta bayan makaranta, ga mangwaron bakin rafi da reshensa zai ɗauki mutum goma.

"Ba su kan ruwa, Kawu. Kuma ni don shi nake so. Kullum na shigo da kwalekwale ita nake fara gani, shiru, ba kowa. Waisake ba ya son shiru, ka sani. A bar mutane su yi dariya a wurinsa."

Idon yaron ya ciko da ya faɗi haka, kuma har zuciyarsa yake nufi, wannan ne ya ɓata komai. Da rashin kunya ya zo da ita da an san yadda za a yi da shi. Sakiusa ya tafa, kamar yadda ake yi idan an bayar da abu, ya ce, "Taka ce, ɗana. Me nake da shi da ba naka ba?"

Mereoni tana bayan labule tana gurza kwakwa, ta ji komai. Da yaron ya tafi ta fito.

"Baban Waisake, me ka ba shi?"

"Ai kin ji."

"Na ji. So nake ka faɗa da bakinka."

Ya ce mata vasu ne, ba yadda zai yi. Ta ce ita ba kawun kowa ba ce a garin nan, ita uwa ce, kuma abin da ke ƙarƙashin bishiyar daga jikinta aka yanke shi. Ta ce saiwar rabi a iska take, shi mai jera duwatsu ya fi ta sani. Ta ce ya saƙa ganyen hani ya je ya ɗaura, ya ce wa yaron mantawa ya yi da hani a kanta, don in an ga ganyen kwakwa a saƙe a jikin itace ko mai gari ba ya taɓawa.

"Na riga na tafa, Mereoni."

"To ka je wurin ƙanwarka ta yi masa magana."

Ta san ba zai iya ba. Wa da ƙanwa a nan ba sa zama su yi doguwar magana, ko a hanya suka haɗu ɗaya ne yake ratsewa. Ta faɗa ne don ta ga ko akwai kunya guda ɗaya da zai iya takawa saboda ɗansa.

Ganyen kam ya saƙa. Ya zauna a bayan gida ya saƙa shi da kyau, ya ɗauka ya nufi bakin teku, sai ya hango Ilaitia a kan bishiyar da igiya a kafaɗa, yana ɗago masa hannu yana murmushi, irin murmushin da aka daɗe ba a gani a fuskar yaron ba. Sakiusa ya ɗaga masa hannu shi ma. Ya dawo gida da ganyen, Mereoni ta hura wuta da shi.

Lilo ya karɓu. Baƙi suka daina kula ganuwa, wasu ma hawan dutsen ba sa so, a kai su lilo kawai. Wa kuma zai tura su in ba mai baƙi ba? Sakiusa ne yake riƙe igiya su hau, shi yake turawa, shi ake miƙa wa waya ya ɗauki hoto, a duba a ce bai yi ba, a sake. Duk turawa ɗaya bishiyar takan yi wata 'yar ƙara daga gindi, wadda baƙi ba sa ji saboda ihunsu. Shi yana ji, har cikin haƙoransa.

Ya koma ga abin da ya iya. Ya ƙaga cewa bishiyar ba ta son wanda ya ci ya ƙoshi, don ya rage masu ƙiba, sai masu ƙibar suka fi kowa son gwadawa. Ya ce al'ada ta hana mutum biyu hawa tare. Ya riƙa jan zagayen, ya tsaya a kan kowane ganye yana bayanin ciwon da yake warkarwa, don lokaci ya ƙure kafin a iso bakin teku, sai Ilaitia ya ce ba komai, Kawu, zan jira su. Sau da yawa ya buɗe baki zai ce wa yaron a sauke igiyar nan, maganar ta fito a karkace. Ya ce igiya ta fara cin ɓawo, Ilaitia ya naɗa tsumma. Ya ce duwatsun gindi suna zamewa, Ilaitia ya kwaso samari suka ƙara duwatsu. Kome ya faɗa sai a gyara masa, da ladabi, da sauri. Mu ma duk muna gani, ba wanda ya tanka, don mu mutane ne da za mu iya tsayawa gida yana cin wuta mu rasa wanda zai fara cewa wuta, kada mai gida ya ji kunya. Mereoni ba ta daina zuwa da sassafe ba, sai dai yanzu sai ta tsince murafun kwalba da ledojin alewa kafin ta zauna. Magana tsakaninta da mijinta ta koma ga abinci can, ga ruwan wanka can.

Ba guguwa ce ta kayar da bishiyar ba. Da guguwa ce da an ce ikon Allah an huta. Rana ce mai kyau, teku kwance, aka kawo wasu ango da amarya da 'yan rakiyarsu. Bayan kowa ya hau, amaryar ta ce tana so su hau tare da mijinta. Sakiusa ya ce al'ada ta hana. Ta marairaice, ta haɗa hannuwa, ƙawaye suka sa baki, aka juya ana kallon mai kwalekwale. Mutanen nan sun sha yangonarmu da safe, sun zama baƙin gari, baƙon gari kuwa ba a ɓata masa rai. Ilaitia ya ce, "Sau ɗaya dai, Kawu."

Sakiusa ya riƙe igiya suka hau. Shi ya tura.

Ba a yi nisa ba ƙarar ta canza. Bishiyar ba ta faɗi da ƙarfi ba, sauka ta yi a hankali kamar tsohuwa za ta zauna, gindin ya ɗago da ƙasa da duwatsu da buhunan yashi, kan ya shige ruwa. Ango da amarya suka tsinci kansu zaune cikin ruwa iya ƙugu, ko ƙwarzane babu. Sai amaryar ta fashe da dariya, sauran suka ɗauka, masu waya suna nuna wa juna cewa sun kama abin tun daga farko. Ba mugunta ba ce, ba su san komai ba, ba wanda ya taɓa gaya musu. Sakiusa ya shiga ruwa ya kamo hannun amaryar ya fito da ita, ya tambaye ta ko ta ji ciwo, ya ba ta haƙuri. Angon ya dafa kafaɗarsa ya ce shi ma a yi musu haƙuri, yana fata bishiyar ba ta wani ba ce. Sakiusa ya ce a'a, kwakwa ce kawai, muna da su da yawa.

Sai da kwalekwalen ya tafi da su sannan ya durƙusa a ramin da gindin ya bari. Ruwa yana cikowa a lokacin, kowace igiyar ruwa ta shiga ramin ta fita da ƙasa. Ya yi ta tono da hannu yana lalube tsakanin saiwoyi, duk katantanwar da ya ɗago sai ya duba ya yar, bakin teku kuwa ba abin da ya kai katantanwa yawa. Ya san shekarun sun yi nisa, ya san ko ya same ta ba zai gane ta ba. Bai daina ba sai da ruwa ya kai masa ƙirji, maza biyu suka shiga suka ɗago shi, yatsunsa suna jini.

Mereoni tana tsaye a kan gaɓa, ba wanda ya san tun yaushe. Ba ta yi kuka ba, har matan da suka taho don su riƙe ta suka rasa abin yi da hannuwansu. Wata ta ce ga 'ya'yan bishiyar nan, a ɗauki ɗaya a dasa a kan tudu. Mereoni ta ce a dasa, za a samu kwakwa. Ba a daɗe ba teku ya shafe ramin, ya ja gangar jikin ya tafi da ita, wurin ya koma yashi sumul. Baƙi ba su daina zuwa ba. Samari suka ɗaura igiyar a mangwaron bakin rafi, ana hawa ana murna, ashe ba sai a kan ruwa ba.

Ilaitia ya daɗe bai iya shigowa gari ba, wani ne yake tuƙo baƙin. Sannan ya zo yadda ake zuwa, da dattawan gidan ubansa, da yangona, da tambuwa, haƙorin babban kifin teku da ake miƙawa idan laifi ya fi ƙarfin baki. Aka cika ɗakin Sakiusa, maza a gaba, mata a baya. Yaron ya rarrafo a kan gwiwa, duk ya rame, kansa a ƙasa. Baffansa ya riƙe haƙorin ya yi magana a madadinsa, ya ce yaro ya ɗauki abin da bai san nauyinsa ba, ga shi ya zo, a yafe masa, a rufe maganar.

Tambuwa ba a mayar da ita. In an karɓa kuma magana ta mutu, ba a sake tayar da ita ko a cikin ɗaki, ko da wasa. Sakiusa ya daɗe yana duban haƙorin har dattawa suka fara gyara zama. Abin da ke cinsa shi ne ba ya ma jin haushin yaron, ya nemi haushin ya rasa. Yaro ya tambaya, shi ya bayar. An ce a tura, shi ya tura. In gaskiya za a bi, shi ya kamata ya rarrafa, sai dai ba a tanadi inda kawu zai kai tambuwa ba, balle miji ya kai wa matarsa.

Ya miƙa hannu. Ya ce, "Na karɓa. Babu komai tsakaninmu, ɗana. Tashi ka zauna da kyau." Ilaitia ya kifa kai a tabarma ya yi kuka irin na wanda aka sauke wa kaya. Aka tafa, aka dama yangona, kafin la'asar har an fara raha.

Da mutane suka watse, Mereoni tana kwashe ƙoƙuna, ba ta dube shi ba ta ce, "Ka yafe masa, ka kyauta. Ni dai ba a tambaye ni ba."

Ya ce ai ta san yadda ake yi.

"Na sani. Komai an yi shi yadda ake yi."

Bayan 'yan makonni ta ce tana so ta je ta ga danginta. Rabonta da tsibirinsu tun kafin rasuwar, don ba ta iya kwana nesa da bishiyar, saboda haka ba wanda ya ga abin mamaki. Sai dai ta naɗe tabarmin da ta zo da su ranar aurenta, ta ɗauki tukunyar mahaifiyarta, ta raba wa maƙwabta kajinta. Sakiusa yana kallo, bai tambaya ba. Ranar tafiyar shi ya ɗauki kayan a ka ya shiga ruwa ya ɗora a jirgi, ya dawo ya riƙe mata hannu ta hau. Sai da mai jirgi ya tayar da inji sannan ya iya tambayarta yaushe za ta dawo, ko ya sa ranta kafin Kirsimeti.

Ta miƙo hannu ta gyara masa wuyan riga, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta ce, "Za mu gani, Baban Waisake."

Ɗan garin nan ne, ya san abin da ake nufi da wannan. Ya tsaya cikin ruwa har jirgin ya shige bayan tsibiri, sannan ya fito ya nufi gida.